Takin Shekarar Fari

Yau kwana ashirin da uku rabon Greensboro da ruwan sama. Ciyawar ƙofar gidanmu ta koma ruwan ƙasa, in ka taka sai ka ji tana karyewa a ƙarƙashin takalmi. Maigidana, Malam Sani, ba ya rabuwa da wayarsa. Ya tashi ya duba hasashen yanayi, ya zauna ya sake dubawa, kamar dubawar ce za ta haɗo hadari. Jiya bayan la'asar ya ɗauki makullin mota ya ce bari ya leƙa gona ya watsa taki, ko Allah zai sa a dace. Kallonsa kawai na yi, ya yi 'yar dariya ya mayar da makullin kan ƙusa. Ya san abin da kallon yake nufi, don ni da takin zamani mun taɓa gamuwa, kuma gamuwar ba ta yi daɗi ba.

An kusa shekara ashirin ke nan. Lokacin muna zaune a wani ɗan gidan haya mai ɗaki biyu kusa da tsakiyar gari. Malam yana aikin lodi a wani babban sito, ni kuma ina aiki a gidan kula da tsofaffi, shif ɗin safe. Malam mutumin Giwa ne, a cikin dabbobi ya tashi, kuma tun da ya zo ƙasar Turawan nan bai daina cewa gidan da babu kukan tunkiya bai cika gida ba. A haka ya yi ta cigiya har ya haɗu da Mista Otis, wani tsoho baƙar fata a ƙauyen Pleasant Garden da ke kudu da gari, wanda ya sayar da shanunsa bayan rasuwar matarsa, fili yana zaman banza. Ya ba Malam filin bayan gidansa da wata tsohuwar rumfa. Da tumaki huɗu aka fara, masu gashi irin namu na gida, ba masu ulu ba. Kafin shekarar da nake magana sun kai ashirin da shida, ban da raguna shida da ake turkewa daban. Mutanenmu na Najeriya da Gana da Nijar duk wurinsa suke zuwa in suna ko layya ta taso.

Wannan shekarar ruwa ya ɗauke tun farkon zafi. Masarar da ke gefen hanyar Pleasant Garden ta naɗe ganye ta tsaya a ƙugu. Tafkunan da gari ke sha suka janye, aka hana mutane ban-ruwan ciyawar gida da wanke mota. Filin tumakinmu ya zama jar ƙasa mai tsagewa, tun watan Yuli muka fara ba su ingiricin da aka tanada don hunturu. Ingiricin ma ya yi wuya, sai daga jihohi masu nisa ake kawo shi, kuma kafin mota ta tsaya an gama rabawa.

Ana saura kwana goma azumi aka bugo daga gida, Inna, mahaifiyar Malam, ta faɗi, ɓarin jikinta ɗaya ya daina aiki. Ranar da Malam zai tafi gida ya kai ni rumfar gona ya nuna mini buhuna shida na takin yuriya a jingine.

Ya ce, "Hadiza, Mista Otis zai shuka ciyawar sanyi, rayigiras suke ce mata. Ita ce za ta riƙe su daga kaka har bazara, don ta yanzu ko babu fari sanyi na shigowa take mutuwa. In ta fito ki ba ta taki. Sati uku zan yi in sha Allahu."

Na ce, "Nawa zan ba ta?"

Ya ce, "Kafin a kai nan ma na dawo."

Sai da ya yi wata shida.

A ƙasan benenmu akwai Anti Mariya, 'yar zangon Kumasi, mai dafa abinci tana sayar wa direbobin tasi. Ta girme ni da kusan shekara ashirin. Hausarta ta zango ce, ba ruwanta da raba mace da namiji, ni ma "kai" ce a bakinta, tunkiya ma "shi". Rana ta farko da ta ga na dawo aiki na sauya takalmi zan fita, ta tare ni a ƙofa.

"Ei, Hadiza! Kai kaɗai za ka tafi daji da azumi a baki? Ba zai yiwu ba. Jira ni in ɗauko mayafi."

Daga ranar ba ta yi fashi ba. Tsarin kwanakinmu ɗaya ne. In yi sahur da kunun gyaɗa, in kai 'yata Sadiya gidan maƙwabta, in kama aiki ƙarfe bakwai. Ɗaga tsofaffi, wanka, canza zanen gado, ba da abinci a baki ina jin ƙamshinsa. Ƙarfe uku in tashi, in ɗauki Anti, mu kama hanyar kudu. Azumin ya faɗo a Satumba, amma zafin bai san an shiga Satumba ba. Sitiyarin mota ba ya taɓuwa. Da tumakin sun ji ƙarar motar sai su taso gaba ɗaya suna kuka, ƙura na binsu. Mu ja tiyo daga rijiyar Mista Otis mu cika kwatarniya. Abin da ya fi mini wuya a azumin nan shi ne tsayawa a kan tumaki ashirin da shida suna zuƙar ruwa, ina jin ƙarar haɗiyarsu, harshena kamar tsumma. Sai mu warware ingirici, mu auna, mu rage kaɗan daga abin da muka auna. Sau da yawa a bakin shinge muke buɗe baki, dabino uku-uku da kokon Anti mai yaji a cikin fulas.

Akwai wata babbar tunkiya fara mai baƙin kunne, Gwaggo muke ce mata. Tana cikin huɗun farko, ita ce uwar rabin garken. Inda ta sa kai nan sauran suke bi. Ita kaɗai ce ba ta kuka, sai dai ta zo ta tsaya a gabanka tana kallonka har ka ji kunya.

Filin gida biyu ne, na tudu da na gangare, da shinge a tsakani. Muka killace tumakin a ɗan farfajiyar rumfa, Mista Otis ya hau tsohuwar tiraktarsa ya shuka iri a busasshiyar ƙasa, ƙura ta rufe shi har ba ka ganin hularsa. Ya sauko yana tari ya ce mini da Turancinsa na mutanen kudu, mai jan harafi, "Mis Hadiza, mun yi namu. Saura na Mai sama." Bayan kwana tara aka yi wani ɗan yayyafi, bai ko cika kofi ba, amma ya isa iri ya farka. Ciyawar ta fito siriri kamar gashin jariri, in ba ka durƙusa ka kalli filin ta gefe ba, ba za ka ga korenta ba.

Babana manomin masara ne a Malumfashi. Na tashi ina ganin ana neman takin zamani kamar magani. A yi layi, a yi kamun ƙafa, in an samu rabin buhu a shigo gida ana murna. Da murfin kwalba yake awo, ya tona gefen kowane tushe ya zuba ya rufe, kuma duk shekara sai ya ce da zai samu isasshen taki da an ga noma. Don haka ni a kaina taki ba ya yawa, sai dai ya yi kaɗan. Ga buhu shida a jingine, ga ciyawa ta fito, ga maganar Malam. A goman ƙarshe na azumi, wata Asabar da rana tsaka, ni da Anti muka ɗauki bokiti muka watsa buhu biyu a filin tudu. Farin ƙwayoyin suka kwanta a kan ƙasa kamar an zubar da shinkafa.

Da muka dawo bayan kwana biyu, tun daga ƙofa wani wari ya daki hancina, mai yaji kamar na tsohon fitsari. Ƙwayoyin sun ɓace, bakin ganyen kuma ya ƙone, ya yi fari. Mista Otis yana tsaye a tsakiyar filin da hannu a aljihu.

Ya ce, "Ba ƙasa kika ba wa takin nan ba, iska kika ba wa. Raɓa ta narkar da shi, rana ta ɗauke. Yuriya ruwan sama take jira ya kai ta wurin saiwa."

Bai yi faɗa ba. Ya tsuguna da ƙyar ya tsinko tsiro ɗaya ya nuna mini. Ya ce abin da ke cikin takin, naitirojin, abincin ganye ne, shi ke sa ganye ya yi tsawo da faɗi, ya sa tushe ɗaya ya haifi 'ya'ya a gefe. Amma ciyawar da ba ta sha ba, ba ta iya ci. Na ce na gane. Abin da na ɗauka a ranar shi ne laifina ɗaya, rashin jiran ruwa.

Aka yi ƙaramar salla babu Malam. Jikin Inna ya ƙi daɗi, ba ta yarda kowa ya juya ta sai shi. In na kira shi a hutun rana, daga cikin mota a bakin wurin aiki, sai ya tambayi tumaki bayan ya tambayi Sadiya, in ce lafiya lau. Ingirici kuwa kullum ƙasa yake yi. Tumakin suna da ciki, amma in ka ɗora hannu a bayansu ƙashi kake taɓawa. Har katakon rumfar suka fara gwaigwaya.

Wajen ƙarshen Oktoba hadari ya haɗu. Ina goge wa wata tsohuwa baki na hango sama ta yi baƙi ta taga, na ji iska ta canza. Ranar na roƙi a sallame ni da wuri. Muka isa gona ana fara ɗigo, na fasa buhunan huɗu da suka rage, na ce duk a filin gangare za su tafi, tunda can ne ciyawar ta fi kamawa.

Anti ta tsaya da bokiti a hannu. "Duka? Hadiza, ni ban san noma ba, amma na san tukunya. Ba a zuba ma miya gishirin wata guda a rana ɗaya."

Na ce, "Anti, ingiricinmu ba zai kai sati huɗu ba. In ciyawar nan ba ta yi sauri ba, me zan ba su? Buhun banza?"

Ta fara watsawa. Muka gama a jiƙe sharkaf, ruwa na bin zanenmu, muna dariya kamar yara. Kwana uku aka yi ana marka. Ƙasa ta sha, ta yi wani ƙamshi da na manta da shi.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Kullum muka zo sai mu ga filin gangare ya ƙara tashi. Korensa ya yi duhu har yana neman baƙi, ganyen ya yi faɗi da sheƙi, in ka murza shi ruwa ne ke fita. Na tudu kuwa, wanda takinsa ya tafi a iska, yana nan gajere, kore mai haske, yana tafiyar hawainiya. Ina alfahari da gangaren nan. Na ce a raina da babana yana raye ya zo ya ga abin da isasshen taki yake yi.

A tsakiyar Nuwamba Mista Otis zai tafi birnin Raleigh wurin 'yarsa a yi masa aikin ido. Idon ya riga ya yi hazo, daga barandarsa ba ya gane komai a filin sai kore. Ya kira ni ya ce, "Kada ki saka su sai kowane tsiro ya yi ganye uku. Ki ja da hannu, in saiwa ta biyo ki, ba ta isa ba. Kuma ranar farko ki cika musu ciki da ingirici tukuna, awa ɗaya kawai su yi a ciki." Ban gaya masa buhu huɗu na juye a filin da buhu ɗaya da rabi ya isa ba. Bai tambaya ba, ni kuma a lokacin ban san abin faɗa ba ne.

Satin da ya tafi rana ba ta fito ba, sai gajimare da sanyi mai shiga ƙashi. Ranar Asabar da safe na durƙusa na ƙirga ganye, uku. Na ja, saiwa ba ta biyo ni ba. Na waiga rumfa, ingiricin da ya rage bai fi na kwana biyar ba. Na ce wane irin wauta ne in ba su busasshe ga ɗanye yana jira? Na buɗe ƙofa.

Gwaggo ce ta fara shiga, sauran suka bi ta a guje. Nan take kuka ya ɗauke, ba ka jin komai sai ƙarar tsinkar ciyawa. Wata huɗu rabon kunnena da wannan shirun. Muka wanke kwatarniya, muka share rumfa, muka ba raguna dusarsu, sannan muka zauna a bayan mota Anti ta buɗe kular wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin mutanen Gana. Awa ɗaya ta wuce ina sane. Na ce a bar su, sun sha wuya.

Wajen azahar Anti ta ajiye cokali. "Wancan me ya same shi?"

Wata tunkiya tana tsaye ita kaɗai, ta buɗe ƙafafu, tana haki kamar wadda aka kora. Kafin mu isa ta faɗi. Can gaba wata tana kwance a cikin ciyawa, ta riga ta sandare. Na ɗaga leɓen wadda ta faɗi, dadashinta ba ja ba ne, ruwan toka ne mai duhu. Muka shiga kora da ihu da mayafi, suna tangaɗi, wasu suna faɗuwa suna tashi. Na ruga rumfa inda Malam ya rubuta lambar likitar dabbobi a jikin katako, na kira ta. Ta ce tana Summerfield wurin wani doki, minti arba'in tsakaninmu. Ta tambayi abin da suka ci, na faɗa. Ta tambayi taki nawa na zuba. Da na faɗa sai ta ce, "Ki fitar da su duka, kada ki sa su gudu. Ga ni nan."

Da na dawo, Gwaggo ce a ƙasa, kusa da ƙofar shinge. Wuyanta a miƙe, idonta a buɗe, numfashi na fita guntu-guntu. Anti tana durƙushe a kanta.

Ta ce, "Ba zai kai zuwan dokta ba. Ɗauko wuƙa kafin ya zama mushe."

Na ce, "Anti, ban taɓa yanka ko kaza ba. Bari in kira wani daga masallaci."

"Kafin namiji ya taso daga gari? Ni hannuna da ciwon sanyi, ba ya riƙe wuƙa. Addini bai hana ka ba. Tashi!"

Wuƙar Malam tana rataye a rumfa cikin kubenta. Muka juya Gwaggo ta fuskanci alƙibla, Anti ta danne ƙafafu. Na dafa baƙin kunnen nan, na yi bisimilla, na yi kabbara, na yanka. Jinin da ya fito ba ja ba ne. Ruwan ƙasa ne mai duhu, kamar baƙin shayin da ya kwana. Ya malala cikin ciyawar, ƙasa ta shanye. Na zauna a wurin da wuƙar a hannuna, ban iya kuka ba.

Kafin likita ta iso wata ta uku ta cika. Ta yi wa biyar allurar wani shuɗin magani a jijiya, kuma da ikon Allah cikin rabin awa suka fara ɗaga kai. Tana wanke hannu ta yi mini bayani. Ciyawa ta sha taki fiye da abin da za ta iya mayarwa ganye, ga babu rana da za ta taimaka mata, sai ragowar ya taru a jikinta. Dabba mai yunwa ta cika ciki da shi, ya shiga jini ya hana shi ɗaukar iska. Ta ce naman ma kada a ci.

A mota na ce wa Anti, "Ashe yankan ma a banza na yi."

Ta ce, "Ba banza ba ne. Ya huta da wuri, kuma da sunan Allah ya tafi."

Mista Otis ya dawo ranar Litinin da bandeji a ido ɗaya. Ya hau tirakta ya haƙa rami a bayan itatuwa muka binne su. Ya ce laifinsa ne da bai tambaye ni ba. Na ce a'a. Daga rumbun wani abokinsa ya samo mana ingiricin da ya riƙe mu sati uku, ban san da wane baki ya roƙa ba.

Kwana goma sha ɗaya ina ce wa Malam lafiya lau. A cikin kwanakin nan biyu daga waɗanda aka yi wa allura suka yi ɓari. Anti ta daina yi mini hira a mota, rana ta goma sha ɗaya ta ce, "In ba ka faɗa mashi ba, wani zai faɗa. Mutanen masallaci sun ji." Washegari a hutun rana na kira. Na faɗi komai, tun daga buhu biyun farko, ban rage ba.

Ya ce, "Har da Gwaggo?"

"Har da ita."

"Mushe ta yi?"

"A'a. Na yanka ta."

"Ke?"

"Ni."

Ya ja numfashi. Ya ce, "Ni na bar ki da buhu shida ban gaya miki awo ba. Zan nemi jirgi cikin satin nan."

A bayansa ina jin tarin Inna, da muryarta da ta karkace tana kiran sunansa na gida. Na ce, "Malam, ba don ka taho na gaya maka ba. Ka zauna. In ka baro ta saboda tumaki, ni ba zan yafe wa kaina ba, kai ma ba za ka yafe mini ba. Ashirin da uku sun rage. Ka bar mini su."

Ya ce, "To, Hadiza. Allah ya yi miki albarka."

Hunturun nan a makaranta na yi shi, malamina mai ido ɗaya. Muka bar filin gangare har rana ta fito sosai na kwanaki, likita ta aika da ganyen aka gwada, sannan muka fara saka su rabin awa, da cikinsu a cike. Mista Otis ya kawo siririyar wayar lantarki muka yanka filayen ƙanana-ƙanana. Su ci wannan yau, in ya rage tsawon yatsu huɗu a kwance mu matsar da su gaba, don a wannan ɗan guntun ne ciyawa take ajiye ƙarfin da za ta sake toho. Ya nuna mini wasu da'irori masu duhun kore a filin, inda tumaki suka yi fitsari, ya ce su ma taki suke zubawa, in riƙa sa nasu a lissafi. A Janairu, da raɓa take daskarewa ta yi fari a kan ganye, na tambaye shi ko a ƙara taki tunda ciyawa ta tsaya. Ya ce ciyawar da ke barci ba a ba ta abinci.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne filin tudu, wanda na raina. Bai taɓa yin tsawon na gangare ba, amma ya yi kauri a ƙasa, tushe ɗaya 'ya'ya biyar, shida, saiwa ta kama sosai. Na gangare da aka cinye tashin farko sai ya fito da gibi-gibi, don dogayen ganyen sun yi wa ƙananan inuwa sun kashe su. Tudun nan ne ya ɗauke mu a tsakiyar sanyi. Da layya ta zo ragunan shida duk suka tafi, mazan da suka saye su suka zo da wuƙaƙensu, wani Alhaji daga Tamale ya ce ya ji labari, ko in zo in yanka masa nasa. Na ce sau ɗaya ya ishe ni. Inna ta rasu kwana tara bayan layya, kanta a cinyar ɗanta.

Yanzu famfo har cikin fili muke da shi. Duk kaka ana ɗibar ƙasa a kai gwaji, takarda ta dawo ta faɗi abin da fili yake so. Mista Otis ya daɗe da rasuwa, 'yarsa ce ta bar mana filin. Anti Mariya ta koma Kumasi, in ta kira har yanzu sai ta ce, "Hadiza, yaya tumakinka?" Sadiya da ba ta tuna komai na shekarar, in na fara labarin da Turanci take amsa mini.

A wancan karon Malam ya dawo a ƙarshen Fabrairu, ya rame, gemunsa ya yi furfurar da ban san shi da ita ba. Washegari da safe muka tafi gona. Sanyi ya fara sassauci, an yi ruwa kwana biyu kafin nan, kuma na ba filin ɗan taki kaɗan gabanin ruwan, toho ya taso ko'ina. 'Ya'yan tumaki goma sha tara suna tsalle a bayan iyayensu. Ya bi shinge yana tafiya a hankali, ya tsuguna ya shafa ciyawa, ya ɗaga wani ɗan rago ya duba haƙoransa ya ajiye. A haka muka zo ƙofar gangare.

A gefen ƙofar akwai wani wuri mai faɗin tabarma inda ciyawa ta kai gwiwa, baƙa-ƙirin don kore. Ko'ina an cinye an daidaita, ban da nan. Tumakin suna zagaye shi su wuce.

Ya ce, "Nan kuma fa? Buhu ne ya fashe miki?"

Na ce, "Nan na kwantar da Gwaggo."

Ya tsaya yana kallon wurin. Ya cire hularsa ya sake sawa. Kukan da ban yi ba tun Nuwamba sai a lokacin ya zo, na juya baya ina share fuska da bakin mayafi.

Ya ce, "Kuma ba sa ci?"

"Ko ɗaya ba ta taɓa sa baki ba. Mista Otis ya ce in sa lauje in daidaita shi."

Malam ya girgiza kai. Ya ce, "Bar shi. Sun fi mu sanin wadda ta kwanta a nan."